Fuskar da Ke Duban Yamma

An yi wani sarki a ƙasar Hindu mai suna Birasena, wanda mulkinsa ya yi faɗi har ya shiga neman abin da za a riƙa tunawa da shi bayan ransa. Sai ya ƙudura a sassaƙa masa gunkin Birahma, wanda a aƙidar mutanen nan shi ya ƙagi duniya. Suna suranta shi zaune a kan furen bado, da fuska huɗu, kowace tana duban kusurwa guda. To, dutsen da ake bukata yana yamma da birni, don haka aka kwaso talakawa aikin tilas, suka yi ta jansa da igiya cikin rana da yunwa.

Ku sani, suna da wata al'ada, ita ce ba a sassaƙa idon gunki sai a ƙarshe, kuma kafin a buɗe idon sai an ajiye abu mai kyau a gabansa, saniya ko madubi ko ƙwaryar man shanu, domin sun yi imani kallon farko idan ya sauka a kan mugun abu, ƙone ƙasa yake yi.

Ranar biki, masassaƙin, wani dattijo Kesawa, ya buɗe idanun gabas da kudu da arewa, ana ta kiɗa. Da ya zagaya fuskar yamma sai ya tsaya, ya ajiye ƙarfensa na sassaƙa, ya ƙi magana. Sarki ya fusata, ya ce a sare hannun da ya kunyata shi a gaban baƙi.

Waziri Sumadatta ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, hannu ba ya tsirowa. A yi mini izini in bincika."

Sarki ya ce, "Waziri, kullum kai ne lauyan masu taurin kai. Ka kawo mini dalili kafin a tashi daga nan, in ba haka ba a haɗa da naka."

Waziri bai tambayi Kesawa komai ba. Ya hau kan dakalin gunkin, ya tsaya inda fuskar take, ya dubi inda take duba. Ya daɗe, sannan ya sauko, ya ce, "Ranka ya daɗe, dalilin ba ya faɗuwa da baki, sai sarki ya taka da kansa."

Sarki ya hau. Ta saman madubin da aka ajiye a gaban fuskar, ya hango hanyar dutse, hayaƙi na tashi a gefenta inda ake ƙona gawar waɗanda jan dutsen ya kashe, mata na tsugune suna tattara toka, ga wasu mazan har yanzu a ɗaure da igiya suna jawo dutsen ƙofa.

Waziri ya ce, "Madubin namu ya yi ƙanƙanta, bai rufe wannan ba. Da dattijon nan ya buɗe idon, da abin da zai fara gani ke nan, kuma sarki ya san abin da malamanmu suka ce zai biyo baya. Ya gwammace ya rasa hannu da ya rasa ƙasa."

Sarki ya ba da umarni a kwance mutanen, ya yafa wa waziri mayafinsa, ya ɗora shi a kan shari'ar ƙasa duka. Ya juya ga Kesawa ya ce, "Baba, hannunka naka ne. Roƙi abin da kake so, ka buɗe mana idon."

Kesawa ya ce, "Ranka ya daɗe, waziri ya kyautata mini zato. Ni ban tuna da ƙasa ba. Ɗana Madawa, shi kaɗai gare ni, yana cikin tokar can. Kunya na ji, wanda ya halicce shi ya buɗe ido ya ga yadda muka yi da shi. In sarki na da ikon mayar mini da shi, yanzu zan buɗe."

Dattijon ya bar ƙarfensa a ƙasa ya nufi yamma, kuma har sarkin ya mutu ba a sami masassaƙin da ya yarda ya taɓa fuskar ba.

Adalcin da sai an hau da sarki kan dakali kafin ya gan shi yana kwance igiya daga wuyan rayayyu, amma ba ya tayar da wanda ya riga ya zama toka.