Fu Biyu a Kan Farin Gida

Akwai wani Ziyad, mai sayar da kayan gyaran babur a Ladjifarani cikin Parakou, da ya sauka Djougou kwana uku bayan Babbar Sallah. Ko jakarsa bai aje ba, suka kaure da musu shi da wansa Sanoussi.

"Allon Baba ne a kan buhun doya, Yaya? Franchement, buhun doya?"

"Shi ma Baban a kan buhu yake ɗora shi. Zauna ka sha ruwa."

"Ba na sha. Bana allon nan a Parakou zai shekara."

"Bara ma haka ka ce, kuma ka sha ruwan."

Ga tushen maganar. Mahaifinsu direban babbar mota ne, ya ƙare rayuwarsa tsakanin Parakou da Malanville. Da ya rasu an raba kayansa lafiya, sai abu guda da ya ƙi rabuwa: allon eshek na katako, wasan nan da mutanen Najeriya ke kira ches. Allon ya tsufa, gefensa ya yi ja da goron Baba, doki ɗaya ma ya ɓace an maye gurbinsa da buji, wato filogin mota. Duk da haka kowa shi yake so.

Babbar yayarsu Bilkissou ce ta raba gardamar. Ta ce duk shekara bayan Sallah a buga wasa ɗaya. Wanda ya ci, allo ya shekara a gidansa. In aka yi kunnen doki, allo ya zauna inda yake.

Shekara biyar ke nan allo yana Djougou.

Abin yana cin Ziyad fiye da yadda yake nunawa. Shi ne auta. Lokacin da Baba ke koya wa Sanoussi wasan, shi yana can yana bin ƙwallo, kuma da hankalinsa ya dawo Baba ya riga ya kwanta ciwo. Bai taɓa zama gaban mahaifinsa a kan allon nan ba, ko sau ɗaya. Har ɗan tebur ya sa kafinta ya yi masa a falo daidai girman allon. Shekara biyar telekomand ta talabijin ce kawai ke kwana a kai.

To bana ya yi shiri na gaske. Ya sa wasan a waya, yana bugawa a shago tsakanin mai sayen sarƙa da mai sayen birki. Duk ɗan zem, wato ɗan acaɓa, da ya tsaya ƙofarsa sai ya ji labarin yadda za a kwaso allo daga Djougou, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

A wayar ne ya ga wani bidiyo da ya zauna masa a rai. Dokar wasan ita ce, ƙaramin sojan nan da ake kira piyon, in ya kai ƙarshen allo, mai shi zai canza shi da abin da yake so. Kowa dam yake ɗauka, don ita ce ta fi kowa ƙarfi. Amma a bidiyon wani gwani ya ƙi dam, ya zaɓi ƙaramin abu, jama'a suka ɗau tafi. Ana shirin bayyana dalili sai mai sayen taya ya shigo. Ziyad ya kashe wayar. Tafin dai ya riga ya shiga kunnensa.

Bayan azahar aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Bilkissou ta jawo kujera da tirenta tana yanka wagashi, cukun nan na Fulani, ita ba ta iya wasan ba amma hukunci nata ne. Maƙwabta biyu-uku suka leƙo, don wasan 'ya'yan marigayi ya zama abin kallo a unguwar.

Sanoussi ɗan kasuwar doya ne, kuma yadda yake zaɓen doya a kasuwar Partago haka yake wasa. Zai kalla, ya karkata kai, ya miƙa hannu, ya fasa, ya ce "to." Ziyad kuwa yana bugawa yana sharhi kamar mai rediyo: voilà, c'est ça, Yaya ka ga wannan kuwa?

Ba a yi nisa ba Sanoussi ya cinye masa fu guda.

Kowane ɗan wasa yana da fu biyu. A karkace suke tafiya, ɗaya a kan fararen gidaje, ɗaya a kan baƙaƙe, kuma babu wanda ke barin launinsa har wasa ya ƙare. Na baƙaƙen gidajen ne ya tafi. Sanoussi bai aje shi gefe kamar sauran ba. Aljihun rigarsa ya jefa shi, ya ɗan daddaɓa aljihun, ya ce wannan bawan Allah ya huta. Maƙwabta suka yi dariya. Kunnuwan Ziyad suka ɗau zafi.

Amma a faɗi gaskiya, wayar ta yi aiki. Ziyad ya daina voilà, ya fara wasa kamar ba shi ba. Aka yi ta musayar kaya, wannan ya ci, wancan ya rama. Aka tashi aka yi la'asar aka dawo. Can sai ga Sanoussi ba shi da kowa a allo sai sarkinsa tilo. Ziyad kuwa yana da sarki, da fu ɗinsa na fararen gidaje, da piyon guda da ya rage masa taki ɗaya ya kai ƙarshe.

Ko Bilkissou ta gane an zo wurin. Ta aje wuƙa.

Sanoussi da kansa ya ɗauko dam daga cikin kayan da aka cinye, ya goge ta da bakin riga, ya miƙa wa ƙaninsa. Murmushi yake yi har kunne. Ziyad ya kalli murmushin nan, ya ce a ransa wato har yanzu raini ne.

Ya miƙe tsaye. Ya gyara tabarau. Ya dubi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ya sanar da su cewa dam ta 'yan koyo ce, manya ba sa buƙatarta.

"Fiddo min fu ɗin nan na aljihunka. Wanda ka ce ya huta. Da shi zan gama da kai."

"Auta, karɓi dam."

"Non, merci. Fu."

"Auta. Dubi gidan da za ka ɗora shi tukuna."

Ziyad bai duba ba. Lissafinsa ya riga ya kammala: yana da fu na fari, ga na baƙi zai dawo, su biyu su yi wa sarkin Yaya almakashi. Sanoussi ya ɗan jima hannunsa a aljihu kafin ya fiddo. Ziyad ya fizge, ya tura piyon, ya cire shi, ya dangwara fu a wurin har bujin da ke gefe ya faɗi. Ya ɗaga hannu sama yana jiran tafi.

Babu wanda ya tafa. Sai ya sunkuya ya duba.

Gidan fari ne.

A tunaninsa, fu ɗin zai dawo da launinsa na da, kamar yadda matafiyi ke dawowa da sunansa. Ya manta katako ba ya tuna komai. Gidan da aka ɗora shi a kai, shi ne launinsa. Yanzu yana da fu biyu, duka a kan fari, rabin allon kuma babu mai iya taka shi sai sarkinsa kaɗai. Da irin wannan kaya ba a kama sarki, ko za a kai Sallar baɗi ana bi.

Sanoussi ya faɗa masa haka a hankali. Ziyad ya ce shi bai san wannan zance ba, a ci gaba.

Aka ci gaba. Sarkin Sanoussi ya hau baƙin gida, ya gangara wani baƙin, ya dawo, kamar dattijo mai miƙe ƙafa bayan cin sakwara. Fu biyu suna ta wucewa ta gefensa a guje, kamar 'yan zem biyu a hannu ɗaya na titi, fasinja kuma yana tsallake. Ziyad ya kawo sarkinsa ya taimaka, ya matsa, ya tura Yaya lungu, sai Yaya ya zame ya fito. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Maƙwabci ɗaya ya tuna yana da awaki bai ɗaure ba. Ɗayan ya ce bari ya taya shi.

Da inuwar mangwaro ta kai bango, Bilkissou ta tambayi Sanoussi ko abin nan yana da ƙarshe. Ya ce ba shi da shi. Ta tambayi Ziyad. Ya ce yana nazari. Ta ce to ya ƙarasa nazarin a mota, kunnen doki ne, allo yana Djougou.

Ziyad ya zauna dirshan. Da ƙyar ya ce ai a bidiyo ya ga gwani ya ƙi dam kuma ya ci.

Sanoussi ya ce ana yi, Baba ma ya taɓa yi a tashar Malanville. A ranar, da a ce ya ɗauki dam, da sarkin abokin wasansa ya rasa inda zai motsa alhali ba a kama shi ba, wasa ya tashi kunnen doki. Shi ya sa ya zaɓi ƙarami, bayan ya daɗe yana kallo har shayinsa ya huce.

"Shi allo ya duba, Auta. Kai mu ka duba."

Bilkissou ta shiga ɗaki ta fito da wata jakar yadi mai zariya, an ɗinka ta daidai girman allon, an rubuta Parakou a jiki da koren zare. Ta aje a cinyar Ziyad. Ta ce Sanoussi ne ya sa tela ya ɗinka tun shekarar farko. Duk Sallah sai ya sa an wanke an goge, duk Sallah sai a mayar cikin akwati.

"Ɗazu da ya miƙa maka dam, har na tashi zan ɗauko ta," in ji ta.

Ziyad ya shafa zaren da yatsa. Ya kalli wansa, wansa ya kau da kai yana tattara piyon kamar aiki ne babba. Idon Ziyad ya kawo ruwa, ya cire tabarau ya ce ƙura ce a gilashin. Ya daɗe yana kallon farin gidan nan da fu ɗinsa ke tsaye a kai. Can ya ja numfashi ya ce:

"Da a Parakou ne, gidan nan baƙi ne."

Bilkissou ta ɗauke jakar ta nufi akwati da ita.

Darasi: In nasara ta zo hannunka, karɓe ta yadda ta zo, kada ka tsaya yi mata ado don a ga ka iya. Zaɓen ƙaramin abu hikima ce in hali ne ya sa, wauta ce in don idon jama'a ne. Kuma kafin ka ɗauki murmushin ɗan'uwanka a matsayin raini, ka duba da kyau, wataƙila murna yake taya ka. Ku tura wa wannan ɗan'uwan naku da ba ya kallon bidiyo har ƙarshe, kun san shi.