Ƙaurar da Nomau Ya Binne

Ku matso, jama'a, yau sai kun yi gardama har maƙogwaro ya bushe!

A garin Tsamiyar Gayya akwai wata al'ada. Ba a kai mutum gaban alƙali kan zargin kisa sai mutum tara na gari sun zauna sun tankaɗe maganar. Ba su yanke hukunci, dubawa kawai suke ko akwai ƙamshin gaskiya. Wanda ya gamsu ya jefa tsakuwa a ƙwarya. In tara suka cika kafin faɗuwar rana, sai birni, wanda ake zargi kuwa ko ƙofar zauren ba ya shiga.

Ranar nan Nomau manomi ne ɗaure a gindin ɗorawa. Sun yi cacar baki da maƙwabcinsa Ƙaura kan iyakar gona, kwana uku ba a ga Ƙaura ba, ga wata amarya 'yar birni ta rantse ta ji Nomau a bakin rijiya yana cewa ya binne Ƙaura. Nomau na jiyo tsakuwa na faɗawa, ƙwal, ƙwal, har takwas. Ya fara salati.

Ta tara tana hannun Barau mahauci, mutum mai taurin kan tsiya. Ya damƙe ta. Aka yi lallashi, aka yi zagi, limami ma ya sa baki. Barau ya ce, "Ni ban ga jini ba, ban ga gawa ba. Ku yanke hannun in kuna so!" Haka ya riƙe zaman har azahar.

Sai Cindo wanzami, wanda tsakuwarsa ke cikin ƙwarya tuni, ya ji zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya sa aka dawo da amarya. "'Yata, faɗi maganar yadda ta fito daga bakinsa, kada ki rage ko ɗaya." Ta ce, "Cewa ya yi, na binne ƙaura tun shekaranjiya, ruwa kawai nake jira." Zaure ya ɗauki salati! Ashe dawa ce, ƙaura, da ya shuka a busasshiyar ƙasa kafin saukar damina, abin da kowane manomi ke kira binne. Baiwar Allah ba ta taɓa riƙe fartanya ba.

Amma dangin Ƙaura suka yi tsalle. "To ina ɗan'uwanmu?" Barau kansa ya fara sassauta hannu. Nan Talle mai babur, shi ma ɗan zaman, ya tuna Ƙaura ya taɓa tambayarsa hanyar wani mai maganin basir a ƙetaren gulbi. Ya tayar da babur kamar zai tashi sama, ya faɗi sau biyu, ya ratsa ruwa, rana na ja-ja-ja sai ga shi da Ƙaura a baya, yana zaman gefe guda, kunya ta hana shi ɗaga kai.

Aka kwance Nomau yana kuka da dariya. Sati bai cika ba matarsa ta haifi namiji, ya rantse sunan wanda ya cece shi zai sa wa yaron. Da Barau ya saki tsakuwa, da zance ya ƙare tun hantsi. Da Cindo bai tambaya ba, da babu mai neman Ƙaura da rai. Da Talle bai kawo shi ba, da dangi ba su haƙura ba.

To, gobe ne suna. Sunan wa za a raɗa wa jaririn?