Makokin Kaguwa

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne!

Ta zo mu ji ta!

Can ƙasan teku, Kaguwa ce mai shara. Duk abin da ya faɗo daga sama, ƙaya ce ko guntun nama, ita ke lashewa, unguwa ta yi fes. Amma kun san Kaguwa, cikinta ba ya godiya.

Ran nan ta yi saɓa, ta fito daga tsohon ɓawonta. Ta dube shi kwance, ƙafafu sama, ta ce, "Kai! Wannan ai gawata ce."

Sai ta ja shi ƙofar gida, ta yi lulluɓi, ta fasa kuka: "Wayyo Yaya! Na zo ganinki daga nesa, na tarar kin tafi!"

Maƙwabta suka taru. Jatan-lande ya kawo tuwo, Dodon-koɗi ya kawo gumba, sai da ya kwana biyu a hanya. A ce, "Ya haƙuri?" ta ce, "Da godiya," ta kai loma. A ce, "Ya haƙuri?" ta kai loma. Ta hana a rufe gawa, wai sai dangi sun iso. Shara kuwa ta taru har wuya.

Ran bakwai sai ga Kififiya, uwar haɗama. Ta kama hannunta ta matsa, ta ce, "Allah ya jiƙan yayarki. Ɓarauniya ce, amma ta iya shara."

Kaguwa ta haɗiye, ta ce, "Amin."

Kififiya ta sake matsawa. "Ke kuwa, ƙanwata, laushi gare ki! Marigayiya shekara goma tana gagarar bakina don tauri. Matso nan in share miki hawaye."

Kaguwa ta ja da baya, don sabon ɓawo bai yi ƙwari ba. Ta ce, "Inna, bari in yi wa Yaya sallama."

Ta ruga za ta koma tsohon ɓawo. Ina! Tuwon makoki ya yi aikinsa, ƙofa ta ƙi. Sai ta kinkime shi a ka, ta zabura a karkace.

Maƙwabta suka yi ihu, "Gawa ta tashi!" Kififiya ta ranta a na kare. Dodon-koɗi har yau gudun yake.

Jatan-lande kaɗai ya tsaya, ya ƙirga ƙafafu, ya ga sun yi wa gawa ɗaya yawa. Ya miƙa mata tsintsiya, ya ce, "Sannu da dawowa, marigayiya. Sharar kwana bakwai na gaishe ki."

Kurunkus kan jatan-lande! In za ka ci tuwon makokinka, fara auna ƙofar da za ka koma.