Kurege da Manhajar Ɓauna

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya kife wayarsa ya saurara.

Shekarar da waya ta shigo daji, hatta Kunkuru sai da ya sayi tasa, ko da yake kafin ya ɗaga kira mai kiran ya haƙura. A shekarar ce Ɓauna ta ƙirƙiro wata manhaja mai suna Ina Ruwa. Kafin nan rani uku ta yi tana taka daji, tafki bayan tafki, tana rubuta wanda ke ƙafewa da wuri da wanda kada ke kwance a ciki. Kana dannawa, kibiya za ta nuna maka ruwa mafi kusa. Ladan wahalarta damin gero ɗaya a shekara daga kowane mai saye.

Kurege kuwa ba dami, ba zangarniya. Rumbunsa ko ɓera ya daina leƙawa, ga rani ya kunno kai. Ya shafa cikinsa ya ce, "Yi shiru. Ni ne Kurege, ƙaramin da ba a raina shi sau biyu. Wani ya yi noma, ni in yi girbi."

Da gari ya waye ya kafa lema a bakin kasuwa, ya ɗora tabarau marar gilashi, wai shi mai gyaran waya. Sai ga Raƙumin Dawa, wanda ya sayi manhajar da halaliyarsa.

"Ranka ya daɗe," in ji Kurege, "wayarka zazzaɓi take yi. Daga nan nake jin zafinta."

Raƙumin Dawa ya miƙo ta. Daga can sama ba ya ganin abin da ake yi a ƙasa. Kurege ya kwafe manhajar tsaf, ya hura wa wayar iska, ya goge ta da wutsiya, ya ce ta warke. Har godiya aka yi masa.

Kafin la'asar lemar gyara ta koma rumfar turi. "Ina Ruwa! Tafin gyaɗa ɗaya in tura maka yanzu!" Kura ta saya, Gyado ya saya, Damisa ta saya tana waige-waige kada a gan ta.

Ɓauna ta ga daji duk ya bi kibiyarta, amma ƙofarta ba mai kawo gero. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, sai dai ba mai hayaniya ba ce. Ta sa wa manhajar makulli: duk mai saye na gaskiya da lambarsa, wanda ba shi da lamba kibiyarsa ta kwanta.

Kura ta iso rumfar Kurege tana huci. "Kibiyata ta mutu. Ko gyaɗata, ko wuyanka."

"Haba uwar ɗakina, sabis ne. Dawo gobe."

Da gari ya waye ya yi birgima cikin ƙarangiya har ta rufe shi ruf, ya ɗaura kallabi, ya dogara sanda, ya yi sallama a ƙofar Ɓauna.

"'Yar nan, ni ce Iya Bushiya. Ba gero, ba ido, kwana biyu ko ɗigon ruwa ban gani ba."

Tausayi ya kama Ɓauna. Ta ba ta lamba sadaka, har ta karanta mata sau biyu saboda idon. Kurege ya sa mata albarka da rawar murya, yana shan kwana ya yar da sandar. "Makullin ƙato, mabuɗin ƙanƙane!" Kafin azahar duk wanda ya sayi ta sata ya samu lambar, bisa ƙarin tafin gyaɗa.

Can Ɓauna ta duba allonta, ta ga tsohuwa makauniya tana neman ruwa a wuri arba'in lokaci guda, gabas da yamma. Ta daɗe tana kallo. "Iya akwai ƙafa," ta ce.

Ba ta toshe lambar ba. Abu ɗaya ta gyara: duk wanda ya shiga da lambar Iya, kibiyarsa ta kai shi Tafkin Ƙuda, wanda ya ƙafe tun zamanin kakarta. Ta ɗauki randar ruwa ta je can ta zauna gindin kanya.

Da gari ya waye Kurege ya buɗe rumbunsa da ya cika maƙil, ya hau cin soyayyar gyaɗa. Ita kuwa gyaɗa ba ta tafiya sai da ƙishirwa. Ya danna wayarsa, kibiya ta nuna, ya bi yana yi wa kansa kirari.

A Tafkin Ƙuda kuwa dabbobi arba'in sun kewaye Ɓauna, harsuna waje.

"Manhajarki ta lalace!" in ji Gyado.

"Wadda na sayar lafiyarta lau. Raƙumin Dawa na can yana shan ruwa. Ku wa ya tura muku taku?"

Suka shiga kallon juna. Daidai nan Kurege ya ɓullo, ido a kan kibiya, bai ɗaga kai ba sai da goshinsa ya bugi kofaton Ɓauna. Ya dubi hagu, ya dubi dama, duk abokan cinikinsa ne.

"Gwaggo, ni ma an cuce ni! Wani mugu ne ya tura mini!"

Ɓauna ta sunkuyo, ta cire ƙarangiya guda da ta maƙale a bayan kunnensa. "Sannu Iya. Yaya idon?"

Gyado ya cilla shi sama, Damisa ta tare shi da mari, Kura ta cafke wutsiya. Ya fizge ya bar mata gashin, ya ranta a na kare. Su kuwa suka sha ruwan randar, suka yi wa Ɓauna alkawarin gero, suka wuce rumbunsa suka yashe shi har ɓawo.

Kurege ya haye wani suri mai nisa, ido a kumbure, wutsiya kamar tsinke, maƙogwaro a bushe. Ya ɗaga wayar da ta tsage ya ƙwala ihu, "Ɓauna! Tauraro ɗaya cikin biyar na ba manhajarki! Ina laifin mai saye, ya nemi ruwa a kai shi wurin duka?"

Ƙurunƙus kan kurege. Wanda bai yarda ba, ya je ya tambayi Kura gashin wa ke haƙorinta.