Ranar da Gona Ta Yi wa Delu Magana

Yara, ku matso ku ji dalilin da ya sa matan garinmu ba sa ɗora tukunya da amfanin gona ɗaya tak.

A da can, kowa abin da gonarsa ta ba shi yake ci. Akwai wata mata, Delu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da gona a gindin dutse. Kowace damina gero take shukawa, ba taki, ba hutu. Ko karan ma kwashe shi take yi ta hura wuta.

Sannu a hankali yaran suka fara canzawa. Su ci tuwo su ƙoshi, amma ba ƙarfi. Gashin autarta, Lantana, ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, in an danna da yatsa sai ramin ya zauna. Yarinyar da ke cika gida da surutu ta koma sai ido. Delu ta ƙara yawan tuwon, abin sai gaba yake yi.

Wata rana da rana tsaka ta je gonar, ta durƙusa tana kuka. Iska ta tsaya cik, tsuntsaye suka yi tsit. Sai ƙasa ta tsage a gabanta, wata busasshiyar murya ta fito.

"Delu, kin tsotse ni."

Delu ta duba ko'ina, ba ta ga kowa ba. "Wane ne?"

"Ni ce gonarki. Kin ci, kin ci, ba ki taɓa ciyar da ni ba. Geron da nake ba ki yanzu kama ce kawai, ba komai a cikinsa. In kika ci gaba, autarki zan haɗiye."

"Ki yi mini rai! Me zan yi?"

"Ki zuba mini taki, ki shuka wake tsakanin geron, wata shekarar ki bar ni in huta. Kafin in warke, kada ki ciyar da su daga gare ni ni kaɗai."

Delu ta ruga gida ko waiwaye babu. Ta cika ƙwarya da gero, ta bi maƙwabta tana musaya: nan wake, can gyaɗa, wajen masu fadama rama da kabewa. Lantana ta tashi, amma har ta tsufa ba ta yi tsawon sa'o'inta ba.

Shi ya sa har yau uwa ke aikenku da ƙwarya gidan maƙwabta kafin ta ɗora girki. Ba wanda ya san wace gona ce ta gaji ta yi shiru.