Sadarar da Ta Dawo Babu Ja

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya kuɓuce mini, an yi wani sarki da ya gaji mahaifinsa yana matashi. Ya so a rubuta tarihin marigayin, sai ya sa aka yi shela cewa wanda ya rubuta zai sami riga da gida, amma in aka sami ƙarya ko sadara ɗaya ce, Hauni zai sare hannun da ya rubuta ta.

Aikin ya faɗa wa Malam Barmo na unguwar marubuta. Mutanen unguwar nan suna da wata al'ada. Baƙi kawai marubuci yake rubutawa. In ya gama, sai ya kai takardun zauren babbansu, Gwani Jatau, a karanta kowa na ji, a yi gardama, sannan wani ya ɗauki jar tawada ya sa wasula. Kuma ba mai sa ja a kan maganar da bai yarda da ita ba.

To, Waziri Maikano yana da abin ɓoyewa. A shekarar yunwa shi ya kulle rumbunan fada, mutane suka mutu a ƙofarsu, ya ce umarnin sarki ne. Don haka ya ɗauke Barmo ya kai shi gidansa, wai don ya huta da hayaniya. Kwana arba'in ne ko talatin, ban riƙe ba. Abinci dai mai kyau, ƙofa kuwa da dogari.

Rannan Waziri ya shigo ya ce, "Malam, rubuta cewa marigayi ne ya ce a rufe rumbuna."

Barmo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba haka na ji ba."

Waziri ya yi murmushi. "Hauni hannu kawai yake sarewa, shi ma sai an kama ƙarya. Rijiyar bayan gidan nan kuwa ba ta jiran shaida."

Barmo ya rubuta. Sannan ya ce, "Saura wasula. Sarki ya san al'adarmu, in bai ga hannun mutanena ba zai yi tambaya."

Waziri ya yarda. A tunaninsa, mutanen da ke ƙaunar Barmo ba za su tona shi ba.

Aka kai takardun zauren Gwani Jatau, ana karantawa har aka zo kan sadarar. Wani ya ce, "Allah gafarta Gwani, mu sa jan nan kawai. In muka bar ta baƙa, mu muka miƙa hannunsa ga Hauni."

Goggo Tasalla, tsohuwar da ke dafa musu tawada, ta ce, "Kai, rufe mana baki! Ka taɓa jin Barmo ya faɗi haka?"

Gwani ya daɗe yana duban takardar. Ya ce, "Ya san halinmu, kuma ya aiko. Ku bar ta yadda take. Gobe kowa ya sa rigarsa, fada za mu."

Sarki ya buɗe littafi a gaban fadawa, kowace takarda baƙi da ja, har ya iso inda sadara ɗaya ta tsaya baƙa ƙirin. Ya karanta, fuskarsa ta sauya.

Waziri ya yi wuf ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ga shi nan. Ko 'yan'uwansa sun ƙi shi. Ya yi wa mahaifinka ƙarya."

Hauni ya ja Barmo, ya ɗora hannunsa na dama bisa gungume.

Gwani Jatau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a wurinmu abin da ba a sa wa ja ba, ba a rubuta shi ba tukuna."

Sarki ya sa aka kawo jar tawada aka ajiye a tsakiyar fada. Ya ce, "Bari in gani. Mutum ɗaya daga cikinku ya sa wa sadarar nan wasula, in ɗauke ta a kan gaskiya, in saki hannun."

Ba wanda ya motsa. Hauni ya gyara tsayuwa. Ana jin numfashin Barmo daga ƙofar fada. Wani cikin marubutan yana ta hawaye, amma ya cusa hannuwansa cikin riga.

Sarki ya ce, "Mutanen da ba su yi ƙarya don ceton ɗan'uwansu ba, ba za su yi mini ita ba. Ku faɗa mini abin da ya faru."

Goggo Tasalla ta matso. "Zaki, a shekarar yunwar nan ni ke daka a gidan mahaifinka. Yana kwance ba ya iya tashi, da kunnena na ji ya ce a buɗe wa talakawa rumbuna. Mabuɗan kuwa a ƙugun Waziri suke. A tambayi Barmo wa ya tsaya a kansa ranar da ya yi rubutun nan."

Barmo ya faɗi zancen rijiya. Aka kira dogarin da ya tsare ƙofa, ya rantse ya ji. Nan take aka warware wa Waziri rawani, aka fita da shi ta ƙofar yamma, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Sarki ya ce wa Hauni ya saki hannun. Aka ba Barmo sabuwar takarda, ya zauna nan ƙasa ya sake rubuta sadarar. Ya miƙa wa Gwani Jatau.

Gwani ya karanta a hankali, ya mayar masa. Ya ce, "Barmo, ka ce bayan damina. Kafin damina ne. Gyara, sannan mu sa ja."