Yunwar Baba Sallau

Kai, ku na gefen tabarma, ku bar ɓarar gyaɗar nan ku matso, yau akwai shari'ar da za ku yanke mini.

A wani ƙauye kusa da Gumel an yi wani dattijo, Sallau, wanda da ƙuruciya yake dakon barkono a keke zuwa kasuwar Maigatari. Wata damina zazzaɓi ya kayar da shi. Zazzaɓin ya tafi, amma ya tafi da cin abincinsa. Tuwo a bakinsa kamar dusa, ko ƙamshin miya ya ji sai ya kau da kai. Likita ya ce cuta kam ta fita, amma in bai ci ba, da wuya ya ga kaka. Shi kansa Sallau ya tsorata, yana kallon hannuwansa suna ƙanƙancewa, ga kwano a gaba ya kasa. 'Ya'yansa uku suka ce ba za su zuba ido ba.

Babban, Nomau, ya jawo tsohon keken daga bayan rumbu, duk ya yi tsatsa, kaji har sun mai da shi wurin kwana. Ya bi masu gyara gari-gari yana neman sarƙa da taya, ya wanke, ya zuba mai, ya jingine shi daidai ƙofar ɗakin uban. Sallau ya daɗe yana kallo, zuciyarsa ta motsa, amma bai tashi ba.

Ta biyu, Lantana, ta san halin ubanta sarai. Ta wanke ƙafa har Maigatari wurin taubashinsa Barmo, wanda tun suna samari ba sa haɗuwa sai da tsiya. Ta dawo da sandar dogarawa da saƙo: wai a ba Sallau ya riƙa lallaɓawa zuwa masallaci, keke kuwa a aiko wa maza. Tsoho ya zabura ya ce, "Barmo? Barmon da nake bari a baya yana haki? Ku miƙo min hulata!"

Ya hau kekensa ya nufi Maigatari, na ukun, Tanimu, ya ari wani keke ya bi shi. Ba su yi nisa ba ƙafafun tsoho suka fara rawa. Tanimu ya ɗora tafin hannu a bayansa yana turawa, cikin yashi da hawa, in sun tsaya a inuwa ya ba shi ruwa, har kafaɗarsa ta sage. Da rumfunan kasuwa suka bayyana sai ya janye hannu ya ja baya. Sallau ya shiga shi kaɗai yana kaɗa ƙararrawa, ya jefa wa Barmo sandarsa a gaban jama'a. Ran nan, kasuwa ta ɗauki sowa!

To, bayan sun dawo gida ne abin ya zo. Da safe tsoho ya farka cikinsa na ƙugi. Ya sha koko, ya nemi ɗumame, ya aika a sayo ƙosai. Kafin azahar ya tambayi ko fura ta samu. Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki, wallahi har ƙanzon tukunya bai tsira ba. Jikoki da suka saba jiran ragowar kwanonsa sai dai su leƙa su ga wayam. Kumatu suka ciko, murya ta dawo, Lantana na tuƙa tuwo tana kukan murna.

Ran da aka yi girbi aka yanka masa zakara. Ya ci, ya ci, sannan da ƙyar ya danne zuciyarsa ya bar cinya ɗaya a kwano. Ya kira su ukun ya ce, "Wanda ya dawo min da yunwata ya ɗauka, da albarkata a ciki. Ku yi sauri kuma, don har yanzu ban ƙoshi ba."

Hannuwa uku suka miƙo, suka tsaya cak a bakin kwano. To, jama'a, tsoho na haɗiyar yawu: wa zai ɗauki cinyar nan, Nomau, Lantana ko Tanimu?